Jan Ɗigo a Hannun Inna

Tun da aka fara dasa hannun ƙarfe a Gumel aka dasa wa Inna, da shi take tuƙa tuwo, sai dai kwanan nan yana karkarwa.

'Yarta Rumasa'u ta yini tana saita manhajar rubuta kod, don ta tayar da saba, wato kwamfutar da ke ba hannun umarni.

"Inna, sabar ta tashi!" Ta daka tsalle. "Yau zan kamo matsalar nan. Layin kod ɗin da na ɗiga wa ja, nan komai zai tsaya."

Ta ɗiga. Hannun ya ƙame, muciya a sama.

Inna ta kwashe da dariya. "Ke, sakar min hannu, tuwona zai ƙone!"

Hannun ya ci gaba da tuƙi, babu karkarwa. Inna ta rangaɗa guɗa.

Rumasa'u ta dubi yatsanta. Ba ta danna komai da zai saki hannun ba tukuna.