Wata na Shida a Jikin Mayafi

Malam Shu'aibu tela ya je wurin Dakta Uwani, tsohuwar malamar ilimin gado, da takardar gwaji a hannu. An haifa masa 'ya mai yatsu shida a kowane hannu, biyu a manne. Danginsa na cewa jinin matarsa ne, dangin matar na cewa nasa ne, har matar ta kwana uku ba ta ɗaga ido ta dube shi ba. Daktar ta karanta takardar, ta ce masa ba a sami kuskure a rubutun gadon yarinyar ba, kuma shi da matarsa babu mai ɗauke da abin. Ta ce a cikin kowace ƙwayar jikin mutum akwai zaren gado mai tsawon kamu huɗu, an naɗe shi, an lanƙwasa shi ɗaki-ɗaki, shi masana ke kira kromatin. Kowane ɗaki da iyakarsa, kuma abin da ke tada wani umarnin ginin jiki daga barci ba ya aiki sai a cikin ɗakinsa. Ta ga bai fahimta ba, sai ta cire tabarau ta ce, "Ɗana, kai mai sana'ar yadi ne. Bari in ba ka misali."

An yi wata tsohuwa a wani gari na bakin kogi, sana'arta naɗe farin ƙyalle kafin a rina shi. Ba ta saƙa, ba ta haɗa launi. Masaƙi ya kawo mata mayafi kamu ashirin, sai ta shimfiɗa shi a inuwar tsamiya, ta zauna tana kallonsa kamar mai sauraron wata magana daga nesa. Can sai hannunta ya fara tafiya shi kaɗai. Ta ɗauko wannan gefe ta kai shi ga wancan, wurare biyu da ke da ratar kamu goma su zo su haɗa kunci. Haka za ta yi ta ninkawa har mayafin ya koma ƙunshin da zai shiga ƙaramar ƙwarya. Tsakanin ninki da ninki tana ɗaurewa tam da zaren da ta shafa wa kakin zuma. A wani ninkin ta cusa ƙullin baba mai shuɗi, a wani gangamau mai rawaya, a wani garin karan dafi mai ja kamar faɗuwar rana. Sai ta jiƙa ƙunshin ta rufe. Launi ya yi ta yawo a hankali cikin ɗakinsa, yana taɓa duk abin da ke maƙwabtaka da shi, in ya iso ɗauri ya tsaya. Ran da aka kwance, mutane kan taru. Mayafin ya buɗe cikin iska, jajayen watanni biyar su fito a jere bisa shuɗin sama, nesa da juna, har yara kan tambaya yadda ja ya tsallake duk wannan tazara bai ɓata tsakani ba.

Wata shekara wani matafiyi ya sa a yi wa mahaifiyarsa irin wannan mayafi. Da aka kwance, sai ga wata na shida, ɗan siriri, a wurin da ya kamata ya zauna fari fat, gefensa manne da gefen wani watan. Matafiyin ya ɓata rai. Mai sayar wa tsohuwar karan dafi ya ce audugar masaƙi ce mai shan launi. Masaƙi ya ce garin karan dafi ne aka cika masa ƙarfi. Abokai ne na shekara talatin, amma suka daina gaisawa, masu kai gulma suka yi ta zirga-zirga tsakanin rumfunansu, kowa na ƙara gishiri. Tsohuwa ta jira sai da mayafin ya bushe. Ta kira su biyun da matafiyin gindin tsamiya, ta bi tsohon karin ninkin tana mayar da shi yadda yake, sannu sannu, har wata na shida ya zo ya kwanta daf da na biyar. Tsakaninsu ga zaren ɗauri, sili ɗaya ya tsinke, kafar ba ta kai ƙwayar gero ba. Ta ce, "Auduga lafiya lau, ja ma lafiya lau. Aikinsa ya yi, sai dai a ɗakin da ba nasa ba." Masaƙi ya sunkuyar da kai, mai karan dafi ya miƙa masa hannu. Matafiyin ya daɗe yana shafa ƙaramin watan da yatsa, sannan ya naɗe mayafin ya tafi da shi. An ce mahaifiyarsa ta yafa shi har ƙarshen ranta, kuma gefen nan mai wata shida take juyowa gaba.

Dakta Uwani ta ninke takardar ta mayar masa. Ta ce yatsun da suka manne likitoci za su iya raba su in yarinyar ta ɗan tasa. "Iyaka ce 'yar ƙarama ta goce tun tana ciki, ba da hannun kowa ba. Wannan ta riga ta wuce. Wadda ke gidanka kuwa yanzu take tsagewa, kuma kai kaɗai za ka iya liƙe ta. Tashi ka je wurin matarka tun kafin danginku su riga ka. Hausawa sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."