Ranar da Baba Ya Gyara Mini Kuka

Ina shekara goma sha biyu, a falonmu na unguwar Abu Hail, na zura farar rigar asibitin Umma ina kwaikwayon wata 'yar wasan Kanada da ke fitowa likita a talabijin. Kukanta nake son iyawa, ya ƙi zuwa. Sai ga Baba ya dawo daga aiki tun kafin la'asar. Na tsaya jiran faɗa.

Ya rage sautin, ya zauna ko takalmi bai cire ba.

"Uwata, ita ba kuka take yi ba, danne shi take yi. Yalla, maza sake."

Yanzu ina karatun da ya zaɓa mini, kuma na kasa gaya masa shi ya kunna mini wutar son wasan kwaikwayo da ke hana ni sukuni.