Yatsan Sallau

Tun da aka kafa sabuwar doka, ƙugiyar tarakta mai na'urar gane yatsa ba ta jan komai a kan kwalta sai mai kayan ya dangwala mata yatsa. Injin casar garinmu kuwa na yayana Sallau ne, wanda muka binne ranar Laraba.

Shinkafa na jibge a ƙetaren titi, ga hadari ya haɗo. Na dangwala sau uku, ƙugiyar tana cewa, "Ba Sallau ba ne."

Na sami jami'in hanya. "Ranka ya daɗe, shekara ashirin gari ke aron injin nan."

"Doka ba ta san aro ba, Baba. Canjin suna wata biyu ne."

"To in tono shi in kawo maka yatsan?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Wasu sun gwada. Sai mai ɗumi take karɓa."

Raina ya ɓaci. Na kira maza goma sha biyu, muka lulluɓe injin da tamfol, muka saɓa a kafaɗa, muka hau titi za mu ƙetare. Motoci suka tsaya cak. Wani direba ya sauko ya kama mana.

"Allah ya jiƙan rai. Wa aka rasa?"

"Sallau," na ce. "Karo na biyu ke nan a makon nan."