Marken Da Aka Feɗe

Har yau in na ji warin ɗanyen ɓawon marke, sai raina ya ɓaci.

Da la'asar ne, a gonar Kaka, wadda ta haifi uwata, can bayan Tabla. Marke ɗaya ne a gonar, a jikinsa take ɗibar magani. Ba ta wuce faɗin tafin hannu daga gabas, wani daga yamma, sannan ta shafe wurin da laka. Kafin a jima itacen ya fitar da ƙaro ya toshe ciwonsa da kansa.

Ran nan muka tarar an ɓare shi kewaye, tun daga gindi har inda hannu ke kaiwa. Ya yi fari fat, yana naso, ƙudaje sun yanyame shi. Kawu Idi, autan Kaka, gatarinsa a gefe, yana ɗaure ɓawon zai kai kasuwar Filinge.

"Inna, icce na fa," in ji shi. "Shina warkewa."

Kaka ta fizgo hannunsa ta danna a kan danshin. "Hwatatai ta, Idi! Ita ka tsare shi ga cuta. Kai in an feɗe ka, da mi za ka tare ƙuda?"

Dariya ya yi, ya saɓi kayansa ya tafi. Ni da ita muka yi ta shafa laka. Ƙaro bai iya rufe wannan ba, ruɓa ta shige shi da damina.

Kawu ya tsufa yanzu. Duk wanda ya tambayi marken, sai ya ce cuta ce ta kashe shi. Ni kuwa ina wurin, na ga gatarin.