Doya a Kafaɗa

Tun da hantsi Dallatu ya sa aka share filin da ke gindin dutse har sau biyu, sannan ya kafa kyamararsa a inda kowa zai gan ta.

Shekarar 1974 ce. Kashi goma sha uku ya yi na wasan tarihinsa a wannan ƙauye na Gbagyi, wato Gwarawa, da ke bayan Zuba, labarin yadda kakanninsu suka haye dutse suka gagari mahara. Gidan talabijin ya nuna, ya ƙare, kuma shiru. Yau sabuwar shugabar shirye-shirye, Madam Rosemary, za ta zo ta gani da idonta ko wasan ya cancanci zango na biyu. In ta ce a'a, Dallatu zai koma kujerarsa ta da, karanta sanarwar rasuwa a rediyo. Mutumin da ya riga ya ɗinka kwat biyu, ya koyi riƙe lofe ko babu taba a ciki!

Bai taɓa ganinta ba. Ya dai ji an ce Ingila ta yi karatu, mijinta Bayarabe ne, likita. Wannan ya ishe shi sanin irin hirar da za ta burge ta.

Motar ta iso kafin lokaci, ba ta kan titi ba, ta wata ƙaramar hanya da ta ratsa gonakin doya. Madam ta fito da takalmi mai tsini da fayil a hannu. Matan ƙauyen suka yi cirko-cirko suna rufe baki. Dallatu ya yi musu kallon tausayi, su da ba su saba ganin mace a bayan mota ba.

Sai ga tsohuwa Lidiya ta ratso taron da ƙatuwar ƙwaryar doya a kafaɗa, ta miƙo hannu ɗaya wajen baƙuwar. Wannan tsohuwa ta daɗe tana tsone wa Dallatu ido. Ya yi wuf ya tare ta, ya ce ta ja baya kada ta ɓata wa Madam kaya, yau ba ranar roƙo ba ce.

Malam Ishaya, malamin firamaren da ke yi masa tafinta, ya matso kunnensa. "Oga, wannan tsohuwa fa..."

Dallatu ya ce masa in ana maganar manya ya riƙa riƙe bakinsa.

Madam ba ta zauna a kujerar da aka goge mata ba. Ta buɗe fayil ta yi tambaya ɗaya tak: me ya sa a zango na farko matan ƙauyen ke gudu da kaya a ka, alhali ga su nan kowacce nata a kafaɗa?

Kai, daɗi ya kashe Dallatu. Ya gyara kwat ya shiga lacca. Ya ce ai nan gwanintar take. Gwarawa, in ji shi, wai sun ɗauki kai sarkin jiki, ba a ɗora masa kaya, shi ya sa suke tafiya a karkace kamar jakin da mangalarsa ta zame. Wa zai kunna akwatin talabijin a Kaduna don ya ga wannan ƙauyanci? Shi ya gyara musu tarihinsu, ya mai da shi abin kallo. Wata uku ya yi yana fama da su kafin su koyi ganwo, kuma har yau ko na gode ba su ce ba. Ya yi dariya, ya jira ta taya shi. Ta rubuta wani abu a fayil.

Ya ga kamar bai gamsar da ita ba, sai ya ce bari ta ga aiki. Ya tafa hannu, matan suka jeru, suka sauke kayansu daga kafaɗa suka ɗora a ka, fuskokinsu a murtuke. Duk suka yi, ban da Lidiya. Ita tun farkon wasan ta ƙi, shi ya sa kullum yake cusa ta can baya inda kyamara ba ta kai.

Amma yau a gaban shugaba ne, kuma Dallatu ba zai bari wata tsohuwar Bagwariya ta nuna bai isa ba. Ya taka har gabanta, ya cicciɓi ƙwaryar da hannu biyu, ya kifa mata a tsakar ka. Tsohuwar ta dafe wuya, gwiwoyinta suka lanƙwashe, ɗankwalinta ya zame. Ƙwaryar ta faɗi, doya ta watse har ƙarƙashin mota.

Malam Ishaya ya sunkuyar da kai.

"Kin gani ko, Madam?" in ji Dallatu yana karkaɗe hannu. "Da irin waɗannan nake aiki. Amma ki ba ni zango na biyu, wallahi sai na mai da su mutane."

Madam ta rufe fayil ta miƙa wa direba. Ta cire takalmanta ta ajiye a kan mota. Ta durƙusa a ƙasa da siket ɗinta na Ingila, ta tsince doyar ɗaya bayan ɗaya ta mayar cikin ƙwarya. Dallatu ya fara cewa haba Madam, bari a kira wani, amma kafin ya rufe baki ta ɗaga ƙwaryar da juyi ɗaya ta aza a kafaɗarta ta hagu, ta zauna daram. Ta gyara wa tsohuwar ɗankwali, ta kama hannunta, ta faɗa mata wata magana a hankali da Gbagyi. Suka nufi cikin gari, ko waiwayen kyamarar ba ta yi ba.

Dallatu ya jawo hannun rigar Malam Ishaya ya tambaye shi me ta ce.

"Oga, abin da na so in gaya maka ke nan, 'yarta ce. Cewa ta yi, 'Yi haƙuri, Mama, mu je gida.'"