Rakiya Zuwa Birmingham

Tun daga ƙofar asibiti Abdulhafiz bai bari wata mota ta shiga tsakaninsa da farar motar nan mai shuɗiyar fitila ba. Ba wanda ya ce ya biyo su, ba wanda ma ya gaya masa inda za a kai ta. Ya dai ga an fito da sauri, likitoci biyu sun shiga baya, sai ya tayar da tasa motar. Sai da suka hau babbar hanyar M6 ya gane kudu aka nufa.

Karatun matarsa Zuhra ne ya kawo su Manchester. Digirinta na uku a kan tambaya ɗaya yake: me ya sa a wasu yankunan Birtaniya iyalai kan yarda a cire sassan jikin mamacinsu a dasa wa mai rai, a wasu kuwa sai ɗaiɗaiku? Ta manna taswira a bangon falonsu a unguwar Whalley Range, ta shafe ta da launuka.

"Dubi nan, dubi nan," takan ce. "Ƙasa ɗaya ce fa. Amma mutanenmu sun cika layin jiran ƙoda, in an zo tambayarmu kuma mu ce a'a."

"Ni dai a mayar da ni ga Ubangijina yadda ya halicce ni."

"Shi mai jiran, wa ya halicce shi?"

Nan zancen yake tsayawa kullum. Ya ɗauka suna da sauran lokacin ƙarasa shi.

Ranar Litinin ta je sayen kayan miya a Stockport Road, ta yanke jiki ta faɗi a bakin shago. Jijiya ce ta fashe mata a ka. Ta kwana ta wuni a kan na'ura, ba ta ko motsa yatsa ba. Daga baya wata nas mai suna Rachel ta ja shi wani ƙaramin ɗaki, ta yi masa bayani a hankali. Akwai tiyatar da za a iya yi, Zuhra da kanta ta nuna tana so tun tana lafiya, amma suna son jin ta bakinsa.

Ya tambayi malamai biyu. Ɗaya ya ce ya halatta, ɗaya ya ce ya ji tsoron Allah. Ya kira mahaifiyarta a Zariya, Umma ta fashe da kuka.

"Amana na ba ka, Abdulhafiz. Kada ka bari su sa mini wuƙa a jikin 'ya."

Ya koma wurin Rachel ya ce ya yarda.

Sun wuce garin Stafford ke nan wayarsa ta yi ƙara. Usama ne, yayan Zuhra.

"Kana ina? Mutane sun cika gida, kowa kai yake tambaya."

"Ina hanya. Rakiya nake yi."

Usama ya ce, "Umma ta ji abin da ka yi. Ta ce in gaya maka ba ta yafe ba."

Abdulhafiz ya kashe wayar.

Dab da Birmingham hanya ta cushe. Farar motar ta saki jiniya, motoci suka riƙa darewa, shi kuma ya manne mata a baya, ana ta danna masa ham bai kula ba. Tun a asibiti Rachel ta gaya masa wadda aka ɗauko ba za ta jure doguwar tafiya ba, 'yan awanni kawai gare ta.

"Ya Allah, ka isar da ita lafiya," yake ta maimaitawa. "In kuskure na yi, ni ka kama, ba ita ba."

A ƙofar wani babban asibiti motar ta tsaya. Ma'aikata na jira a tsaye. Likitocin suka diro, suka shige da gudu, ƙofar gilashi ta rufe a bayansu. Bai fito ba. Ya daɗe yana kallon ƙofar, yana tunanin ko wane ne ke kwance a ciki, ko shi ma yana da mai yi masa addu'a a bakin titi.

Sannan ya share fuska, ya juya kan mota zuwa Manchester. Ya rako zuciyar Zuhra har inda za ta ci gaba da bugawa, saura ya raka Zuhra makwancinta bayan la'asar.