Musayar Sabino

Nicanor ya buga ƙwayar wasan domino a kan tebur da ƙarfi har kwalaben giya suka yi rawa.

"A ba da shi," ya ce. "Ko da akuya ne a yi musayar."

Kantin Dona Ercilia ya yi tsit, sai rediyo kawai ke surutu a saman firji. Tun farkon mako garin San Pedro ba shi da wata hira sai ta Wilkin Sabino, gwarzon wasan besbol da yake buga ƙwallo da sanda ta tsallake katanga ta faɗa gonar rake. Ana raɗe-raɗin ƙungiyar garin za ta miƙa shi ga ƙungiyar arewa, ta karɓo wani matashi mai jefa ƙwallo da ba wanda ya san fuskarsa, wai shi Almonte.

Wascar ɗan acaba, wanda ya liƙa hoton Sabino a tankin babur ɗinsa, ya ajiye kwalbarsa a hankali.

"Tsoho, rana ce ta taɓa ka? A ba da Sabino a karɓo wa? Yaron da ko kare ba zai jefa ya samu ba?"

Nicanor bai ɗago ba. "Ni maganar Sabino nake yi. Ya yi teɓa. Gwiwarsa ta mutu. Gudunsa kamar na saniya mai ciki."

Kowace kalma ɗaci take masa a baki, amma bai fasa ba. Bara shi ne ya fi kowa ihu a fili ranar da Sabino ya ciyo musu kofi, har muryarsa ta dishe. Duk mazauna kantin sun tuna, shi ya sa abin ya fi ƙona musu rai.

Teofilo wanzami ya nuna rediyon da ɗan yatsa. "Akwai wani tsoho da yake kiran shirin wasanni kullum da rana yana zagin Sabino, wai masoya sun gaji da shi. Har shugabannin ƙungiya sun fara ɗauka da gaske. Muryar nan kuwa na san ta."

Idanu suka dawo kan Nicanor. Ya ci gaba da jera dominonsa.

"Dama ɗan arewa ne!" in ji Wascar. "Yankan rake ya kawo shi, muka ba shi kujera. Ashe munafuki muke shayarwa. Ƙungiyar garinsu yake wa aiki!"

Tebur ya kife. Domino suka watse har ƙarƙashin buhunan shinkafa. Wascar ya shaƙe wuyan rigar Nicanor, wani maɓalli ya yi tsalle. Nicanor bai ɗaga hannu ba. Kunnensa na kan rediyo, domin an katse kiɗa.

Mai shela a rediyon ya ce magana ta ƙare. Sabino ya tafi arewa. Almonte zai iso ranar Juma'a a motar safe.

Wani ya yi jifa da kwalba ta fashe a bango. Teofilo ya tofa yawu kusa da takalmin Nicanor. Dona Ercilia, wadda ta daɗe tana ajiye masa soyayyar agada ba tare da ya tambaya ba, ta nuna masa ƙofa da haɓa.

"Don Nicanor, kada ka ƙara zama min a nan."

Ya sunkuya ya ɗauki hularsa. Yana bakin ƙofa Wascar ya ɗaga murya.

"Ka gaya wa mutanenka, ranar da Almonten nan ya taka filinmu, kwalba zan fasa masa a ka!"

Nicanor ya tsaya. Ya juyo ya dubi Wascar, irin duban da ya sa saurayin ya haɗiye sauran maganarsa.

"Ranar ina zaune a bayanka," ya ce.

Ya bi titi cikin zafin rana, ba wanda ya amsa gaisuwarsa. Ya rasa kujerarsa, ya rasa abokan hirarsa, ya ɓata sunan ɗan wasan da ya fi so a duniya. Duk da haka tunaninsa ɗaya ne: wace riga zai sa ranar Juma'a, kuma me mutum zai fara cewa a tashar mota ga Almonte, ɗansa na cikinsa, wanda uwarsa ta rene shi da sunan gidansu, wanda rabonsa da shi tun yana koyon tafiya.